Ɗaliban lauya a ofisoshin yaƙi da babakere: me suke yi a can, kuma wa ke iya samun kujerar?

Daga ƙarshen watan Mayu zuwa farkon Agusta, lokacin da makarantun koyon aikin lauya na Amurka ke dogon hutu, ɗalibai kan watsu neman inda za su goge. Mafi yawan waɗanda suka yi fice manyan kamfanonin lauyoyi suke nufa, inda ake biyan ɗalibi fiye da dala 4,000 a mako tun bai gama karatu ba. 'Yan ƙalilan ne ke juya wa wannan kuɗi baya su nufi wasu ofisoshin gwamnati biyu a birnin Washington: Sashen Yaƙi da Babakere na Ma'aikatar Shari'a, da Hukumar Kula da Kasuwanci ta Tarayya wadda aka fi sani da FTC. Da yawansu ko sisi ba a ba su. Aikin da ke jiransu kuwa ba irin na cikin fim ba ne, babu tsayuwa gaban alƙali ana ɗaga murya. Zama ne gaban kwamfuta ana karanta saƙonnin imel na manajojin kamfani, dubu bayan dubu.

Duk da haka, a ganina wannan kujera ta ɗalibi tana daga cikin wurare mafiya muhimmanci a dukan tsarin. Dokar hana babakere ba ta aiwatar da kanta. Tana buƙatar mutanen da suka iya karanta lissafin kamfani, suka san yadda ake gano haɗin baki a cikin maganar da aka lulluɓe, kuma ba sa rawar jiki idan lauyoyi hamsin na kamfanin da ya fi wasu ƙasashe kuɗi suka zauna a ɗaya gefen teburi. Irin waɗannan mutane ba a aji ake gama ƙera su ba.

Dokar da suke tsaro

Tushen abin dokar Sherman ce ta 1890, wadda ta ɗauki sunan Sanata John Sherman na jihar Ohio. Gajeriya ce ƙwarai. Sashenta na farko ya haramta duk wata yarjejeniya ko haɗin baki da zai shaƙe kasuwanci, na biyu kuma ya haramta mamaye kasuwa ta hanyar murƙushe abokan gasa. Da ita aka farfasa kamfanin mai na Standard Oil, mallakar John D. Rockefeller, zuwa kamfanoni 34 a 1911. A 1914 majalisa ta ƙara dokoki biyu: ta Clayton, wadda ta ba da ikon tare haɗewar kamfanoni tun kafin ta yi ɓarna, da wadda ta kafa FTC. A ƙofar hedikwatar hukumar har yau akwai mutum-mutumin dutse guda biyu na wani ƙaƙƙarfan mutum yana kokawa da ingarman doki, yana ƙoƙarin riƙe shi. Dokin kasuwanci ne, mutumin kuma hukuma.

Mai karatu Bahaushe ba baƙo ba ne ga ainihin manufar. Littattafan fiƙihu sun daɗe da hana ɓoye abinci don ya yi tsada, da tare fatake a hanya a saye kayansu kafin su san farashin kasuwa, da ƙara kuɗin kaya a wurin ciniki ba don a saya ba sai don a ruɗi mai saye na gaskiya. Abin da dokar zamani ta ƙara shi ne girman fili da kayan aiki: sammacin ƙwato takardu, masana tattalin arziki, tara mai nauyi da ɗauri.

Ofisoshin biyu sun raba aiki bisa al'ada. Ma'aikatar Shari'a ta fi riƙe jiragen sama, sadarwa, bankuna da noma. FTC ta fi riƙe magunguna, asibitoci da manyan shagunan kayan masarufi. Amma Ma'aikatar Shari'a kaɗai ke iya gurfanar da mutum bisa laifin da ake ɗauri a kansa. Tun 2004 hukuncin ya kai ɗaurin shekara 10 da tarar dala miliyan 1 ga mutum, dala miliyan 100 ga kamfani. Wanda aka cuta kuma yana iya kai ƙara da kansa ya nemi diyya ninki uku na asarar da ya yi. Bayan waɗannan biyun akwai ofishin Antoni Janar na kowace jiha, su ma suna da lauyoyin gasa, suna kuma karɓar ɗalibai.

Wanda yake son ya ga yadda haɗin baki yake a zahiri, ya duba shari'ar sinadarin lisin, wanda ake zubawa a abincin kaji da dabbobi. A farkon shekarun 1990 kamfanin Archer Daniels Midland na Amurka da wasu kamfanonin Japan da Koriya ta Kudu suka riƙa haɗuwa a ɗakunan otal suna tsayar da farashi, suna raba wa juna adadin da kowa zai sayar a duniya. Ba su san ɗaya daga cikinsu, Mark Whitacre, yana ɗauke da na'urar naɗar murya ta FBI ba. An naɗe su har da hoton bidiyo, suna raha suna yanke wa manoman duniya farashi. A 1996 kamfanin Archer Daniels Midland ya amsa laifi ya biya tarar dala miliyan 100, manyan jami'ansa suka tafi gidan yari. Duk mai kiwon kaji a lokacin, ko a ina yake, ya biya wani abu a kan buhun abinci saboda abin da aka ƙulla a waɗancan ɗakuna, ba tare da ya taɓa jin sunan kowa a cikinsu ba. Wannan shi ne mugun halin laifin: wanda aka yi wa sata bai san an yi masa ba.

Saboda wahalar kama irin wannan laifi, Ma'aikatar Shari'a ta gyara tsarin afuwarta a 1993. Kamfanin da ya fara zuwa ya tona asirin haɗin bakin, ya ba da cikakken haɗin kai, ba za a gurfanar da shi ba. Na biyu da ya zo ya makara. Hikimar ita ce a jefa rashin yarda tsakanin masu haɗa bakin, kowa ya kwana yana tunanin ko abokinsa ya riga shi zuwa Washington.

Abin da ɗalibi ke yi da hannunsa

Kaso mai yawa na aikin yana fitowa ne daga dokar Hart-Scott-Rodino ta 1976. Ta wajabta wa kamfanonin da za su haɗe, idan cinikin ya wuce wani adadi, su sanar da gwamnati su jira kwana 30. Adadin yana canzawa duk shekara; a 2025 ya kai dala miliyan 126.4. Yawancin cinikin yana wucewa lami lafiya. Amma idan lauyoyin gwamnati suka ga alamar matsala, sai su aika da buƙata ta biyu, wato su ce a kawo musu takardun ciki: imel, rahotannin da aka gabatar wa shugabannin kamfani, jadawalin farashi, bayanan masu saye. Takardun kan kai miliyoyi. Agogo kuma yana tafiya, domin doka ta ƙayyade lokacin da gwamnati za ta yanke shawarar zuwa kotu ko ta bar cinikin ya wuce.

A nan ne ake zaunar da ɗalibi. Ana ba shi kaso daga cikin tarin, a gaya masa abin da ake nema. Kamfani ya faɗa wa gwamnati cewa kamfanin da yake son ya saya ba abokin gasarsa ba ne na kusa, to shin haka manajojinsa suke faɗa wa juna idan babu mai jin su? Ɗalibi zai yi kwanaki yana wuce saƙonnin gayyatar taro da na neman hutu, sai kwatsam ya ci karo da layi ɗaya inda wani manajan tallace-tallace ya rubuta cewa sun rage farashi a gari kaza saboda wancan kamfanin ya buɗe reshe. Wannan layi ɗaya zai iya zama hujjar da babban lauya zai ɗaga a gaban alƙali bayan wata takwas. Idan ɗalibin ya gaji ya wuce shi, mai yiwuwa ba wanda zai sake ganinsa.

Sauran aikin ya haɗa da rubuta taƙaitaccen bayani kan wata tambayar shari'a, misali yadda kotunan ɗaukaka ƙara daban-daban suka fassara wani sashe na doka. Da bin diddigin kowace hujja da aka kawo a takardar da za a shigar kotu don tabbatar da shafi da layi. Da zama a gefe ana ɗaukar rubutu lokacin da lauyoyi ke hira ta waya da masu sayen kayan kamfanin. Da halartar zaman da ake yi wa shugaban kamfani tambayoyi ƙarƙashin rantsuwa, sa'o'i bakwai a ɗaki ɗaya. Ɗalibi ba ya magana a irin wannan zama. Amma yana ganin yadda gogaggen lauya ke jera tambayoyi ƙanana marasa tsoratarwa har ya rufe wa mai ba da shaida duk wata hanyar zamewa, sannan ya miƙa masa takardar da ya rubuta da kansa. Ba littafin da ke koyar da wannan kamar gani.

Akwai kuma abin da ke ba ɗalibai da yawa mamaki: rabin aikin lissafi ne. Kafin a ce kamfani ya mamaye kasuwa, sai an fara amsa tambayar wace kasuwa. Gwajin da ake yi shi ne, a ƙaddara mutum ɗaya ne ya mallaki dukan wani kaya, ya ƙara farashi da kashi 5 cikin ɗari. Shin zai ci riba, ko mutane za su gudu zuwa wani kayan? Kamar a ce duk geron gari ya koma hannun ɗan kasuwa ɗaya ya ƙara kuɗin mudu. Idan mata za su koma dawa da masara har ya yi asara, to kasuwar ta hatsi ce gaba ɗaya, kuma ƙarfinsa kaɗan ne. Idan kuwa masu fura da kunu ba su da makawa sai geron, to gero kasuwa ce mai zaman kanta, kuma mutumin ya riƙe wuyan jama'a.

Da an tsayar da iyakar kasuwa, sai a auna cunkoso da wani ma'auni mai sauƙi: a ɗauki kason kowane kamfani, a ninka shi da kansa, a tara. Kamfanoni huɗu masu kashi 30, 30, 20 da 20 za su ba da 900 da 900 da 400 da 400, jimla 2,600. Idan ƙananan biyun suka haɗe suka zama mai kashi 40, jimlar ta koma 3,400, ƙarin 800 ke nan. Ƙa'idojin da ofisoshin biyu suka fitar a 2023 sun ce kasuwar da ta wuce 1,800 ta cunkushe, kuma haɗewar da ta ƙara fiye da 100 a irin wannan kasuwa ana ɗaukarta mai cutarwa har sai kamfanonin sun kawo hujjar akasin haka. Ɗalibin da ya shiga karatun lauya don ya guje wa lissafi zai sha mamaki a makonsa na farko, domin a ofis ɗaya yake zaune da masu digirin digirgir a tattalin arziki, kuma dole ya koyi yarensu.

Muhimmancin wannan tambaya ta iyakar kasuwa ya fito fili a manyan shari'o'i biyu na 'yan shekarun nan. Ma'aikatar Shari'a ta kai Google ƙara a watan Oktoba na 2020. A zaman da aka yi na mako goma a 2023 ya bayyana cewa kamfanin ya biya dala biliyan 26.3 a shekarar 2021 kaɗai don ya zama shi ne manhajar bincike da ke zuwa a saite cikin wayoyi da manhajojin shiga intanet. A watan Agusta na 2024 alƙali Amit Mehta ya yanke cewa Google ya yi babakere ba bisa doka ba, ko da yake da aka zo batun matakin gyara a 2025 bai yarda a tilasta masa sayar da Chrome, manhajarsa ta shiga intanet, ba. FTC kuwa ta kai Facebook ƙara a watan Disamba na 2020 kan sayen Instagram a 2012 da WhatsApp a 2014, tana riƙe da saƙon da Mark Zuckerberg ya rubuta a 2008 cewa saye ya fi gasa. Hujja ce mai zafi, irin wadda duk ɗalibi ke mafarkin tsinta. Amma a watan Nuwamba na 2025 alƙali James Boasberg ya ba kamfanin gaskiya, domin ya ga TikTok da YouTube suna cikin kasuwa ɗaya da shi a yanzu. Saƙon ya nuna niyya, amma shari'ar a kan iyakar kasuwa ta faɗi.

Duk abin da ɗalibi ya gani a ciki amana ne. Doka ta hana fitar da bayanan da kamfanoni suka miƙa, kuma binciken manyan laifuka yana da nasa sirrin mai tsanani. Ɗalibin da ya san kamfani kaza zai sayi kamfani kaza kafin duniya ta sani, idan ya faɗa wa ɗan'uwansa mai sayen hannun jari, ya jefa kansa a laifin da zai kashe masa aikin lauya tun bai fara ba. Haka kuma wanda ke da hannun jari a kamfanin da ake bincike, ko ya riga ya karɓi tayin aiki daga lauyoyin da ke kare shi, dole ya faɗa a cire shi daga wannan shari'a.

Ƙofar shiga, da wanda take rufe wa

A Amurka karatun lauya shekara uku ne bayan digirin farko, saboda haka dogon hutu biyu ne kawai ɗalibi yake da su. Ma'aikatar Shari'a tana da hanyoyi uku. Akwai aikin sa-kai, wanda ba a biya, kuma shi ne ya fi ɗaukar mutane, a lokacin hutu da kuma cikin zangon karatu. Akwai shirin bazara da ake biya, mai kujeru kaɗan da gasa mai tsanani, ana nemansa kusan shekara guda kafin a fara. Sannan akwai shirin ɗaukar sababbin lauyoyi masu hazaƙa da Antoni Janar Herbert Brownell ya kafa a 1953, wanda shi ne babbar ƙofar da sabon lauya ke bi ya zama ma'aikaci na dindindin. Wanda ya taɓa zama a ofishin yana ɗalibi, aka ga rubutunsa, aka san halinsa, ya fi samun wanda zai tsaya masa a wannan mataki. Ana neman takardar sakamako, da samfurin rubutu, da wasiƙar da ke nuna dalilin son wannan fanni musamman, sannan a yi binciken tsaro kan rayuwar mai nema.

Ga inda nake ganin tsarin yana da rauni. Kuɗin makaranta a manyan jami'o'i masu zaman kansu ya haura dala 70,000 a shekara, kuma Washington gari ne mai tsadar haya. Ɗalibin da iyayensa ke da hali zai iya yin wata biyu da rabi yana aiki kyauta. Wanda bashin karatu ya yi wa katutu, ko yake tura wa gida wani abu, dole ya bi inda ake biya, sai da ruwan ciki ake jan na rijiya. Makarantu masu kuɗi suna ba ɗalibansu ɗan tallafi idan suka zaɓi aikin gwamnati, amma ƙananan makarantu, inda 'ya'yan talakawa suka fi yawa, ba su da wannan ƙarfi. Sakamakon shi ne ofishin da aka kafa don kare ƙaramin manomi da mai ƙaramin shago yana tace ma'aikatansa na gobe da matatar da ke zubar da 'ya'yan manoma da masu shago. Wanda ya tashi a garin da asibiti ɗaya ne, ko mai sayen amfanin gona ɗaya ne, ya san babakere a jikinsa, kuma irin wannan sani yana canza tambayoyin da lauya zai yi.

Bayan kammalawa ma tazarar tana nan. Sabon lauya a babban kamfani yana farawa da dala 225,000 a shekara, na gwamnati kuwa galibi bai kai rabin haka ba. Akwai shirin yafe sauran bashin karatu da aka kafa a 2007 ga wanda ya yi shekara goma yana aikin jama'a yana biya, kuma ya taimaka wajen riƙe wasu. Amma da yawa suna yin 'yan shekaru, su koyi yadda gwamnati ke tunani, sannan su tsallaka su koma kare kamfanonin da suka bincika jiya. Doka ta hana su taɓa ainihin shari'ar da suka yi aiki a kanta, sai dai ba ta iya hana su tafiya da basirar. Ba na ganin kowane mai tsallakawa a matsayin maci amana. Lauyan kamfani da ya san dokar sosai yakan hana maigidansa aikata laifi tun a ofis. Abin da ke damuna shi ne idan lauyan gwamnati yana kallon mutumin da ke ɗaya gefen teburi a matsayin wanda zai ɗauke shi aiki baɗi, hannunsa ba zai yi nauyin da ya kamata ba.

Kada kuma a raina abin da ɗalibi zai iya yi da kansa. A watan Janairu na 2017 wata ɗalibar lauya a Jami'ar Yale, Lina Khan, wadda aka haifa a Landan ga iyaye 'yan asalin Pakistan, ta wallafa doguwar maƙala kan Amazon a mujallar shari'a ta makarantar. Ta ƙalubalanci ra'ayin da ya mamaye fannin tun bayan littafin Robert Bork na 1978, cewa muddin farashi bai tashi ga mai saye ba to babu laifi. Hujjarta ita ce kamfani zai iya riƙe farashi ƙasa yana kuma mallake hanyar da kowa ke bi zuwa kasuwa. A watan Yuni na 2021, tana da shekara 32, ta zama shugabar FTC, kuma a 2023 hukumar ta kai Amazon ƙara. Akwai masana da dama da ba su yarda da ita ba har gobe, amma ba mai musun cewa muhawarar ta canza hanya daga teburin ɗaliba.

Siyasa ma tana shigowa har kujerar ɗalibi. A watan Janairu na 2025, bayan umarnin Shugaba Donald Trump na dakatar da ɗaukar ma'aikata, Ma'aikatar Shari'a ta janye tayin aikin da ta riga ta yi wa sababbin lauyoyi, waɗanda da yawansu sun ƙi wasu ayyukan saboda shi. A watan Maris kuma ya kori kwamishinonin FTC biyu 'yan jam'iyyar Democrat, Rebecca Slaughter da Alvaro Bedoya, duk da hukuncin Kotun Ƙoli na 1935 da ya ce shugaban ƙasa ba zai kori kwamishinan hukumar haka kawai ba. Idan aka tsallake shekara ɗaya ba a ɗauki sababbi ba, ba a jin zafin nan take. Sai bayan shekara bakwai ko goma, lokacin da ake neman wanda zai jagoranci babbar shari'a, a tarar da giɓi.

Ɗan Najeriya ko Nijar da ya je Amurka ƙarin karatu ya sani cewa ƙofar gwamnatin tarayya kusan a rufe take gare shi, domin ana neman ɗan ƙasa, kuma Ma'aikatar Shari'a tana son wanda ya zauna a ƙasar shekara uku cikin biyar da suka wuce. Ofisoshin jihohi kowanne da ƙa'idarsa. Hukumar Tarayyar Turai a Brussels, wadda sashenta na gasa ya ci Google tarar yuro biliyan 2.42 a 2017, tana da horo na wata biyar da ake biya, ana shiga a Maris da Oktoba, kuma tana ware 'yan kujeru ga waɗanda ba 'yan ƙasashen tarayyar ba.

A gida

Najeriya ta daɗe ba ta da cikakkiyar dokar gasa. Sai a farkon 2019 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a kan dokar gasa da kare masu saye ta 2018, wadda ta kafa hukumar FCCPC da kotu ta musamman da ke sauraron ƙararrakinta. Dokar ta haramta haɗa baki kan farashi, da maguɗi a neman kwangila, da amfani da rinjaye a kasuwa don danne wasu, ta kuma wajabta neman izini kafin manyan kamfanoni su haɗe. Hukumar ta nuna tana da haƙora: a watan Disamba na 2023 ta sanar da tarar dala miliyan 110 a kan British American Tobacco, a watan Yuli na 2024 kuma dala miliyan 220 a kan Meta, kamfanin da ya mallaki Facebook, hukuncin da kotun gasa ta tabbatar a watan Afrilu na 2025.

Amma doka mai 'yan shekaru tana nufin ƙwararrunta ma kaɗan ne, kuma manyan ofisoshin lauyoyi na Legas da Abuja da ke kare kamfanoni sun fi gwamnati iya biyansu. Ɗalibinmu yana yin shekara biyar a jami'a, ya wuce Makarantar Lauyoyi, ko a Bwari ko Bagauda ko Yola, a tura shi kotu na 'yan makonni, sannan ofishin lauya na wasu makonnin. Yana fitowa ya ga rikicin fili, ya ga shari'ar sata, ya ga takardun rajistar kamfani. Da wuya ya taɓa ganin yadda ake tabbatar da cewa 'yan kasuwa biyar da suka ƙara kuɗi rana ɗaya haɗa baki suka yi, ba faɗuwar naira ko kuɗin dizal ne ya taɓa su tare ba.

Wannan bambanci kuwa shi ne komai a wurinmu. A watan Fabrairu na 2024, lokacin da tsadar abinci ta yi tsanani, hukumar yaƙi da rashawa ta jihar Kano ta rufe wasu rumbuna a kasuwar Dawanau bisa zargin ɓoye hatsi, 'yan kasuwar kuma suka musanta, suka ce ajiya ce irin ta ciniki. Sa kwaɗo a ƙofar rumbu aikin yini ɗaya ne. Rarrabe mai ajiya ta halal da mai shaƙe kasuwa yana buƙatar wanda zai zauna da littattafan shige da fice, ya san kason kowa, ya bi sawun farashi wata bayan wata. Haka yake a siminti, inda kamfanoni uku ke riƙe da kusan dukan kasuwar. Girma kaɗai ba laifi ba ne a dokar Najeriya ko ta Amurka, kuma ihu a rediyo ba hujja ba ne. Sai an samu wanda zai nuna ko akwai wani abu a bayan farashin. Haka yake ga ƙungiyoyin 'yan kasuwa da ke tsayar wa mambobinsu farashi su ci tarar wanda ya sayar ƙasa da shi, al'adar da mutane da yawa ba su san doka ta taɓa ta ba. Mai binciken irin wannan dole ya ji Hausa, ya san aikin dillali da na sarkin kasuwa, in ba haka ba zai kama wanda bai yi laifi ba ya bar mai laifin.

Abin da ya kamata a ɗauko daga Amurka shi ne hanyar, a bar kuskuren. Makarantar Lauyoyi ta tsara tura wani adadi na ɗalibai kowace shekara zuwa FCCPC da kotun gasa a matsayin ɓangare na horonsu, a raba kujerun har ga reshen Bagauda da na Yola, ba na Legas da Abuja kaɗai ba. A haɗa su da ɗaliban tattalin arziki daga Jami'ar Bayero da ta Ahmadu Bello da ta Maiduguri a kan fayil ɗaya, domin ba a fafe gora ranar tafiya. A sa su rantsuwar riƙe sirri, a ba su takardun gaske su karanta. Waɗanda suka nuna ƙwazo a nemo su lokacin hidimar ƙasa, a buɗe musu ƙofar aiki ta jarrabawa a fili. Kuma a biya su alawus da zai ishi haya da abinci a Abuja tun daga ranar farko. Kaso kaɗan daga tara guda irin ta 2023 zai ɗauki nauyin wannan na shekaru masu yawa.